Baƙi Suna Kuskure Gidanmu Da Dare, Maƙwabci Ya Fara Ƙorafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, muna zaune a wani rukunin gidaje a Lokogoma, Abuja, inda gidajen duka iri ɗaya ne, daga fenti har get har katanga. Da rana baƙi kan lallaba su gano mu, amma da zarar magariba ta yi sai su riƙa buga get ɗin maƙwabcinmu. Surukata tana jinya a wurinmu tun da aka sallamo ta daga asibiti, saboda haka masu dubiya ba sa yankewa, ga ma'aikacin jinya da ke zuwa duba ta, ga masu kawo saƙo a babur. Maƙwabcin namu mai yawan tafiya ne, matarsa kuma ba ta fita, har ya aiko ya nuna ɓacin ransa cewa maza baƙi suna tsayuwa a ƙofarsa da dare. Maigidana ya ce zai sayo ƙwan lantarkin nan da ake sarrafawa da waya, ya sa shi ya riƙa walƙiya da ja da shuɗi kowane dare, a riƙa ce wa baƙi su nemi gidan da ke walƙiya. Ni kuwa ina tsoron hakan ya jawo mana idon ɓarayi, ya kuma ƙara ɓata tsakaninmu da maƙwabta. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya kuma saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da ita.

Kafin a zo maganar ƙwan lantarki, ina so ki yarda cewa maƙwabcinku yana da gaskiya a ƙorafinsa, kuma ya kyauta da ya aiko maimakon ya bar abin a ransa. Mutumin da ya bar iyalinsa ya yi tafiya, sa'an nan ya ji cewa mazan da bai sani ba suna dukan get ɗinsa bayan isha'i, dole hankalinsa ya tashi ko da ya san kuskure ne. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba na mutum ba sai an nemi izini an yi sallama, kuma hikimar da ke ciki ita ce a bar mutane su natsu a cikin gidajensu. Yawan bugun ƙofa bisa kuskure yana taɓa wannan natsuwar duk da ba wanda ya yi nufin cutarwa. Saboda haka ya kamata maigida ya taka da ƙafarsa ya same shi, ba ta hanyar aike ko saƙon waya ba, ya ba shi haƙuri, ya gaya masa abin da kuke shirin yi. Ke ma ki shiga wurin matarsa ki gaishe ta, ki ba ta lambar wayarki domin ta kira ki idan wani ya sake ɓatan kai, ki kuma duba da idonki inda tagar ɗakin kwanansu take, don kada hasken da za ku sa ya faɗa mata kai tsaye.

Game da saɓanin da ke tsakaninki da maigida, kowannenku ya riƙe wani ɓangare na daidai. Dabararsa ta amfani da fitila tana aiki, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Tsoronki ma yana da tushe, sai dai ba fitilar ce abin tsoro ba, yadda yake son a yi amfani da ita ne. Ja da shuɗi masu walƙiya alama ce da kowa ya sani ta motar 'yan sanda da ta asibiti, kuma duk wanda ya hango ta a ƙofarku zai ɗauka wani abu ya faru, musamman da yake unguwa ta san akwai mara lafiya a gidan. Walƙiya mai sauri tana iya tayar da ciwo ga wasu masu farfaɗiya, shi ya sa ƙa'idar masu tsara shafukan intanet ta ce kada haske ya ƙifta fiye da sau 3 a cikin daƙiƙa ɗaya. Sa'an nan yawancin irin waɗannan rukunin gidaje suna da ƙungiyar mazauna mai dokoki kan abin da ake kafawa a gaban gida, kuma ba zai yi daɗi ba a ce daga ƙorafin mutum ɗaya an koma ƙorafin layi guda.

Babbar illar kunna launi kowane dare ita ce yakan mayar da shi sunan gidanku na dindindin. Duk wanda ya taɓa jin kwatancen sau ɗaya, mai kawo abinci ne ko direban haya, zai iya gano ku bayan wata shida ba tare da ya kira ku ba, zai kuma iya kwatanta wa wani. Ranar da kuka yi tafiya fitilar ta mutu, kowa ya san ba kwa nan. Kuma ranar da wani a layin ya ga ta burge shi ya sayo irinta, kwatancen ya rushe, an koma gidan jiya. Abin da nake ba ki shawara shi ne ku ɗauki fitilar mai launi a matsayin yaron da ake aikawa bakin layi ya tarbo baƙo: ana tura shi ne idan baƙon ya kusa, kuma yana dawowa gida da zarar an shigo. A kunna ta saboda mutum ɗaya da ake jira, na 'yan mintuna, a kashe. Idan aka yi haka, maigida ya samu abin da yake so, ke kuma tsoronki ya kau.

Amma fitila mai launi ba za ta isa ita kaɗai ba, kuma a nan ne na ga mutane da yawa suna yin sakaci. Abin da ke tabbatar wa baƙo cewa ya zo daidai shi ne lambar gida da yake iya karantawa daga cikin mota. A yawancin rukunin gidajen Abuja lambar ƙarama ce, an manna ta a jikin get mai duhun fenti, ko an rubuta ta a bangon ciki inda katanga ta kāre ta. Ku sa a yi muku lamba mai tsawon tafin hannu ko fiye, baƙa a kan farin allo ko fara a kan baƙi, a kafa ta a ginshiƙin get ta ɓangaren da motoci ke shigowa, daidai tsayin ƙirjin mutum, inda fitilar mota za ta same ta. Idan an samu irin lambar da ke ƙyalli idan haske ya taɓa ta, ya fi. A samanta a sa farar fitila mai hula wadda ke zubo haske ƙasa a kan lambar. Wannan hular tana da muhimmanci: ƙwai tsirara da ke kallon titi yana kashe wa direba ido, sai ya ga dunƙulen haske kawai, lambar da ke ƙarƙashinsa ta ɓace cikin duhu. Farar fitilar ita ce za ta riƙa kamawa kowace magariba har asuba, kuna gida ko kun yi tafiya, ita kuma mai launin a ɗora ta can sama, a kan ginshiƙi ko a baranda, inda za a hango ta daga farkon layi. Idan maƙwabcinku ya amince, ku yi masa tayin a gyara tasa lambar tare da taku, domin baƙon da ya karanta 14 a get ɗinsa alhali 16 yake nema ba zai ɗaga hannu ya buga ba.

Wajen zaɓen launi, ki sani cewa waɗannan ƙwayayen suna rage ƙarfi sosai idan aka juya su daga fari zuwa launi, don haka kada a dogara da mai launin wajen haska lamba. Ruwan ɗorawa yana ɓacewa cikin sauran fitilun titi. Kore kuwa mutanenmu sun saba ganinsa a masallatai da shagunan magani, kuma akwai maza da ba sa bambance shi da ja. Ni shuɗi tsayayye na fi so, ko shunayya, domin ba kasafai ake ganinsu a ƙofar gida ba. Gaskiya ne ƙwari sun fi son shuɗin haske, amma na minti ashirin ba zai tara muku su ba. Idan maigida ya nace sai hasken ya motsa, a sa shi ya riƙa dusashewa yana dawowa a hankali, ba ƙiftawa ba.

Yanzu ga abin da za a saya. Ƙwayayen sun kasu kashi uku gwargwadon yadda suke magana da waya. Akwai masu Bluetooth, waɗanda ba sa jin umarni sai kina kusa da su, kusan mita 10, kuma bango yana rage hakan. Ba su dace da get ba. Akwai masu amfani da Zigbee, kamar Philips Hue da ya fito a 2012, waɗanda ke aiki ta wani ƙaramin akwati da ake haɗawa da na'urar intanet ta gida; suna da inganci, amma tsadarsu ta wuce buƙatar ƙwai ɗaya ko biyu. Sai masu hawa wayfai kai tsaye, irin su Tapo na kamfanin TP-Link da ɗimbin waɗanda ke aiki da manhajar Smart Life ta Tuya, kuma su ne na ga sun fi dacewa da ku. Ita farar fitilar lamba ba ta ma buƙatar ƙwai na musamman: ana iya sa mata ƙwai na yau da kullum a haɗa ta da ƙaramin makunni da ake sarrafawa da waya irin na Sonoff, ko da na'urar da ke kunna ta da kanta idan duhu ya yi.

Akwai abubuwan da maigida zai duba a jikin kwali kafin ya biya. Wutarmu ta Nijeriya bolt 230 ce, don haka a nemi wanda aka rubuta 220 zuwa 240; ƙwan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, kuma zai iya ƙonewa da zarar an kunna shi, abin da yakan faru da masu karɓar tsaraba daga can. A duba gindin ƙwan ya dace da mazauninsa, ko mai murɗi wanda ake rubuta E27, ko mai ƙusoshi biyu wanda ake rubuta B22. Yawancin waɗannan ƙwayaye na cikin ɗaki ne, saboda haka dole a sa shi cikin gidan fitila mai hana ruwa da ƙura, mai alamar IP65, ko aƙalla IP44 idan yana ƙarƙashin rumfa. Ruwan damina a Abuja da ƙurar hunturu ba sa raga wa kayan lantarki. A zaɓi gidan fitila na roba ko mai yalwar gilashi, domin wanda ƙarfe ya rufe ruf yana toshe wayfai. Kuma kusan dukansu a kan zangon wayfai na 2.4 GHz suke aiki, ba na 5 GHz ba, wanda shi ne dalilin da ya sa mutane kan yi ta fama ƙwai ya ƙi haɗuwa su ce jabu ne. Tun kafin a kashe ko sisi, ki ɗauki wayarki ki je ki tsaya a jikin ginshiƙin get, ki kashe data, ki ga ko wayfai na gida yana isowa har ki iya buɗe shafi. Idan ba ya isowa, a matso da na'urar kusa da tagar gaba ko a ƙara mata abin ƙarin zango.

Wani ƙaramin abu da ke lalata tsarin gaba ɗaya shi ne makunnin bango. Ƙwan yana buƙatar wuta ta riƙa isa gare shi a kowane lokaci, ko da a kashe yake, domin ya ji umarnin waya. Idan yaro ko mai aiki ya kashe makunnin da safe kamar yadda aka saba, da dare za ki danna waya ki ga ba amsa, baƙo kuma yana tsaye a ƙofar maƙwabci. Ku manna salatif a kan makunnin, ku yi wa kowa a gidan bayani.

Sai maganar ɗauke wuta, wadda masu ƙera waɗannan kaya ba su cika sa ta a lissafi ba amma mu ita ce ta farko a wurinmu. Daren da kamfanin rarraba wutar Abuja, AEDC, ya ɗauke wuta layi ya yi duhu, shi ne daren da baƙo ya fi buƙatar alama, kuma a lokacin ne ƙwan da na'urar wayfai za su mutu tare. Idan kuna da inbata, ku sa mai gyaran wuta ya ɗora fitilun get biyun da na'urar wayfai a kan layinta. Nauyin ba shi da yawa: ƙwai mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60, kuma ko an bar shi a kunne awa 12 kowane dare, abin da zai ci a wata bai wuce yunit 3 da ɗan kai ba. Idan babu inbata, akwai ƙaramin batirin ajiya da ake sayarwa musamman don na'urar wayfai, ita kuma lamba a sa mata fitilar sola mai cajin kanta da rana, wadda ba ruwanta da waya ko intanet. Ina ganin ko da kuna da inbata ku sa ta sola, domin ita ce za ta tsaya ranar da komai ya ƙi. Sa'an nan ki shiga manhajar ki nemi wurin da ake zaɓar abin da ƙwai zai yi idan wuta ta dawo, domin da yawansu kan kama da kansu da cikakken haske, wasu kuma su koma launin da suke kai kafin a ɗauke. Ki saita mai launin ya zauna a kashe, don kada wuta ta dawo ƙarfe biyun dare ya haskake tagar mutane.

Idan an gama kafawa, ki ajiye saiti guda a manhajar ki sa masa suna "Baƙo", wanda dannawa ɗaya zai kunna shuɗin, ya kuma kashe kansa bayan minti 20 ko kin manta. Lokacin dannawa shi ne sa'ad da masu gadin babban get suka kira ki neman izinin shigowar baƙon, ko sa'ad da shi ya kira ya ce ya shigo unguwa. Za ki iya tura masa wurin da kike ta WhatsApp tun da farko, shi ma ya turo miki nasa mai motsi na minti 15 ko na awa ɗaya ki riƙa ganin inda ya kai. Amma ki sani taswirar waya tana iya kuskure da 'yan mitoci, kuma a layin da gidaje ke manne da juna wannan ya isa ta ajiye mutum a get ɗin maƙwabci; taswira tana kawo shi layi ne, fitila da lamba su ƙarasa da shi. Saƙon ya zama gajere kuma iri ɗaya kullum: layi na kaza bayan babban get, hannun dama, gida mai lamba kaza, za ku ga shuɗiyar fitila a sama, don Allah ku kira kafin ku buga. Dattawan da za su zo dubiya daga Kano ko Zariya waɗanda ba sa duba saƙo, a gaya wa direbansu da baki.

Tsoronki na ɓarayi yana da sauran wuri ɗaya da ya kamata a toshe, kuma ba a jikin katanga yake ba. Sau da yawa mai gyaran wuta ne ke haɗa ƙwan da wayarsa domin ya gwada, da asusunsa, sa'an nan ya tafi, masu gida ba su san cewa har yanzu yana iya kunnawa da kashewa daga inda yake ba. Ku buɗe asusun da kanku, da imel ko lambar wayar ɗayanku, da kalmar sirri mai ƙarfi wadda ba ranar haihuwa ba ce, ku kuma shigar da kalmar sirrin wayfai da hannunku. Manhajojin suna da hanyar ƙara mutanen gida kowa da nasa asusun, don haka ba sai an riƙa rarraba kalmar sirri ba, kuma ana iya cire mai aiki ranar da ya bar aiki. Kada a sa hoton gaban gida da fitilar a kunne a Facebook ko a zauren WhatsApp mai mutane da yawa, ko da na sanarwar dubiya ne. Masu kawo saƙo da ba ku saba da su ba, idan da hali a karɓi kayan a wurin masu gadi.

Walƙiyar da maigida yake so tana da ranarta, kuma saboda Hajiya nake son ku tanade ta. A Amurka ana sayar da fitilun ƙofa da aka yi musamman domin su riƙa ƙiftawa idan an kira motar asibiti, saboda mintunan da direba ke ɓatawa yana neman gida suna iya zama masu tsada ga mara lafiya. Ku ajiye saiti na biyu mai suna "Gaggawa", fari mai cikakken ƙarfi yana kamawa yana mutuwa kusan sau ɗaya a daƙiƙa, wanda ba za a taɓa shi ba sai jikinta ya tashi cikin dare an kira likita, ko motar asibiti, ko lambar gaggawa ta 112. Ku sanar da masu gadi da maƙwabtan kusa ma'anarsa, domin idan sun gan shi su san taimako ake nema, su buɗe hanya. A irin wannan daren kuma kada a dogara da fitila kaɗai, a tura mutum da tocila ya tsaya a bakin layi.

Kafin ku fara gaya wa baƙi su nemi shuɗiyar fitila, maigida ya ɗauki mota bayan isha'i ya fita har babban get, ya dawo a hankali kamar wanda bai taɓa zuwa unguwar ba, ke kuma ki danna saitin daga ɗaki. Ya lura daga ina ya fara hango shuɗin, ko reshen bishiya ko motar da aka ajiye ta kāre shi, kuma daga nisan mita nawa ya iya karanta lambar ba tare da ya sauko ba. Ku maimaita gwajin wata rana da wuta a ɗauke, sa'an nan ku tambayi maƙwabciyarku ko hasken yana shiga ɗakinta. Idan yana shiga, a juya fuskar fitilar ko a ƙara mata marfi ta wancan gefen.